Latin a Bayan Allo

Wata ranar Alhamis da yamma, a shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu, Baba ya juya allona a zauren gidanmu na Zango, ya ga baƙon rubutu a bayansa. Daga ni sai shi sai Baffa Sule, wansa. Ina aji biyar na firamare a lokacin.

Rubutun darasin Mista Okon ne, ɗan bautar ƙasa da ke koya mana Turanci. Ya ce yawancin manyan kalmomin Turanci saiwarsu tana cikin wani tsohon harshe, Latin. Wanda ya riƙe saiwa ɗaya ya samu kalmomi goma. Kalmar akwa na nufin ruwa, tera ƙasa, manus hannu. Muna rera su a hanyar rijiya da wajen yankan harawa. Ni kuwa ban iya hadda ba sai a allo, shi ya sa na sa tawada na rubuta su.

"Na ji an ce da wannan yaren ake addu'a a coci," in ji Baffa. "Kai dai ka cire ta daga makarantar kawai."

Baba dillalin shanu ne, ba ya yarda da bakin mutum ɗaya ko a kan akuya. Ya hana ni zuwa makaranta, ya ƙunshe allon cikin buhu. Ranar Lahadi ya tafi da shi kasuwar Mai'adua, ya nuna wa malamin dabbobi, ya nuna wa mai kemis, sannan wani tsohon masinjan kotu, kowanne ba da sanin ɗan'uwansa ba. Ni tun ranar Juma'a ina gida ina surfe, ina kallon 'yan ajinmu suna wucewa ta ƙofa.

Da ya dawo ya zaunar da ni, ya bi kalmomin ɗaya-ɗaya yana kallon idona.

"Bakinku ya zo ɗaya," ya ce. "Mai kemis ma ya ce a jikin kwalaben magani suke. Amma ban ce na yarda da malamin naku ba."

Bai bari an wanke allon ba, don ruwan wankin allo sha ake yi. Da wuƙa ya kankare shi.

Yau yara kan taɓa waya su sami ma'ana nan take, ba mai tambayar daga ina ta fito. Ni har yanzu a ɗakin labarai inda nake aikin jarida sai na ji daga baki uku. A wancan karon, ranar Litinin na koma aji. Baba bai taɓa gaisawa da Mista Okon ba har malamin ya bar garin.