Dutse Na Uku A Murhun Hajiya

Umra na zo yi, na shige Jidda na ƙi komawa. Ba ni da iƙama, wato takardar zama, don haka na koyi tafiya a gefen bango kamar ƙadangare. Aiki na samu a kwalekwalen wani tsohon Balarabe masunci, ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin garinmu ba. Daga “yalla”, wato maza, sai “halas”, wato shi ke nan, iyakar hirarmu ke nan. Wani lokaci Hausa nake yi wa kifi, don kada bakina ya yi tsami.

Juma'a ce kaɗai ranata. A unguwar Ruwais akwai wata tsohuwa Bahaushiya da ke tuƙa tuwo a saman bene. Hajiya ta yi shekaru a garin, ita ma ba takarda, mijinta ya rasu, 'ya'ya babu. Ta tsani gas, wai tuwonsa ba ya jin magana, sai murhun duwatsu uku. Ba tuwon ke kai ni ba. Zuwa nake a ce mini “ɗan nan, ka rame”, in ji ni ma mutum ne.

Akwai wani wuri a teku da maigidana ba ya yarda mu jefa koma. Ya ce wani tsohon jirgin ruwa ne kwance a ƙasa, cikinsa maƙil da harsasan yaƙi. Wata safiya iska ta ja mu kusa, komar ta fito da wani ƙarfe mai tsatsa, dogo, da kai kamar na taɓarya. Na miƙa hannu. Tsohon nan ya riƙe ni, ya yanke komar, sabuwa fil, ya bar ta ta nutse a hankali. Da Larabci da nuni ya fahimtar da ni: abin ba ya mutuwa, tsufa ma ƙara masa fushi yake. Wuta ko faɗuwa kaɗan ta ishe shi.

Juma'ar da ta biyo baya na hau benen Hajiya na tarar dutse ɗaya na murhun ya fashe. A gurbinsa ta kafa irin wannan ƙarfen sak, ta jera itace, tana neman ashana.

“Hajiya, kada ki kunna!”

“Kai ɗan nan, lafiya? Na Alhaji mijina ne. A bakin teku ya tsinto shi, tun yana raye yake tokare mini ƙofa.”

Na gaya mata abin da na gani. Ta daɗe tana kallon ƙarfen. A ƙasanmu iyalai ne cike da gidan, ana jin hayaniyar yaransu. Na ce bari in naɗe shi a buhu in mayar teku.

“Ka sauka da shi matakalan nan? In ka yi tuntuɓe fa?”

Mu duka mun san saura hanya ɗaya, a kira 'yan sanda. Mun kuma san duk wanda suka tarar, takarda za su fara tambaya.

“Ni zan kira,” na ce. Muryata ko ni ba ta gamsar ba.

“Kai kana da masu jiran abin da kake aikawa. Ni wa nake ci da shi? Yalla, sauka. Ka ce wa mutanen ƙasa su fitar da yara.”

Ta zuba mini miyar jiya a roba, ta tura ni. Daga bakin wani shago na ga an kewaye layin, an fito da ƙarfen cikin akwati ana lallaɓa shi kamar jariri. Can aka fito da Hajiya, da ƙullin kayanta a ka. Ta gan ni sarai, ta kau da kai don kada a bi idonta.

Daga baya na ji an kai ta tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar gida, gidan da ba ta san kowa ba yanzu. Ni kuwa na tsira da Jiddata, na ci gaba da bin bango. Na yi kewarta har ba na son Juma'a ta zo.

Sau ɗaya na koma benen. Duwatsu biyu na nan, da itacen a jere yadda ta bar shi. Na yi sallama da Hausa, na tsaya ina jira.