Sadakar Biro da Motar Inna

In ka tambayi ma'aikatan kamfanin kwali na Birnin Masana'antu na Biyu wane ne Maiwada, ba za su ce mai kula da sito ba ne, cewa za su yi mutumin nan da bai iya cewa a'a ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi a Riyad, ko ƙusa ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Ɗan Funtuwa ne, kuma a kan kara mahaifiyarsa Tabawa ta raine shi: in mutum ya zo maka da buƙata, kada ka bari ya juya da kunya.

To, a Riyad akwai masu cin abinci da irin wannan hali. Duk ƙarshen wata samarin bankuna kan kafa tebur a ƙofar masana'anta suna tallar katin bashi, wanda za ka yi sayayya da shi ka biya daga baya. Maiwada yana da nasa guda tun 2008, bai taɓa makara wajen biya ba, ba ya kuma son wani. Amma da zarar saurayi ya marairaice ya kira shi "ya ammi", wato kawu, ya ce sa hannu ɗaya ya rage masa ya cika adadin wata, an gama da shi. Sai ya miƙa iƙamarsa, wato katin zaman ƙasa, ya rattaba hannu. In aka kira shi ya zo ya karɓi kati, ya ce ya gode, a bar shi. A ganinsa sadaka ce yake yi da biro. Cikin wata biyar ya yi irin wannan sadaka sau shida.

A 2016 Inna ta ce tana son Umara, amma gwiwoyinta ba za su jure zaman bas ba. Maiwada ya yi mata alkawari ta waya: zai nema mata bizar ziyara, ya kai ta Makka a motarsa ta kansa, su tsaya duk inda ta ce. Kafin magariba rabin unguwarsu a Funtuwa ta ji labari.

A ofishin sayar da mota biya-kaɗan-kaɗan da ke unguwar Murabba ya haɗu da Abduljalil, Bahaushe haifaffen Makka, mai Hausa tana ɗingishi. Abduljalil ya dubi kwamfuta, sannan ya ce an ƙi. Ya bayyana masa cewa akwai Sima, inda ake ajiye tarihin bashin kowa da makinsa. Duk takardar neman kati tana barin sawu a can, ko an karɓi katin ko ba a karɓa ba. Sawu shida cikin wata biyar kuwa kama yake da na mutumin da ruwa ya ƙare wa, yana bin bankuna ƙofa-ƙofa.

Abin ya yi wa Maiwada ciwo fiye da rashin motar. Shi da ko kuɗin burodi ba a binsa, a ce na'ura ta ɗauke shi maroƙi? Ya zaro tsohon katinsa, ya ce yau zai rufe shi ya huta.

Abduljalil ya riƙe masa hannu. "Kawu, kada ka kashe wannan. Shi kaɗai ne mai shaidarka. Shekara takwas yana faɗa musu kai mai biya ne."

Ya shawarce shi da ya bar katin a raye, ya daina sa hannu, ya dawo bayan wasu watanni.

Daina sa hannun nan shi ne aikin. Wata na farko ta ƙofar baya ya riƙa fita, babba da shi, yana laɓewa bayan motocin kaya. Da kunyar hakan ta ishe shi sai ya samo dabara. Ya riƙa zuwa teburin da kansa da fulas ɗin shayi da dabino, ya zuba wa samarin, ya tambayi iyayensu, in an miƙo biro ya dafa ƙirji ya ce "la, shukran", wato a'a, na gode. Gumi yake yi kafin ya iya furtawa, amma yana furtawa. Ita kuwa Inna haƙuri ya yi ta ba ta, bai yi mata ko da ƙarya ɗaya ba.

Wata takwas ya ɗauka. Ranar da Abduljalil ya miƙa masa makulli, Maiwada ya zauna a motar ya yi kuka, bai damu da wanda ya gani ba.

Inna ta iso. Ana gobe za su kama hanya ya kai ta kasuwar Batha sayen takalmi, sai ga wani saurayin banki da takardu a ƙofar shago. Maiwada ya gaishe shi da kyau, ya dafa ƙirji, ya ƙi. Tsohuwa ba ta jin Larabci, amma ta ga yaron ya juya hannu rabbana. Ta ɓata rai har suka isa mota.

"Haka na raine ka? Ƙasar nan ta cinye maka kara?"

Maiwada ya buɗe mata ƙofar gaba, ya tura kujerar baya don ta miƙe ƙafa.

"Inna, da wannan a'ar na sayi kujerar nan."

Ta dube shi, ta dubi kujerar, ta shafa ta da tafin hannu. Ta daɗe kafin ta shiga.

"To," ta ce, "in mun ga wani a hanyar Makka, ka ƙara gaya masa."