Ga-Shi-Nan da Hanyar da Ta Yi Tsalle

Duk unguwar ba mai kiransa da sunan yanka. Ga-Shi-Nan ake ce masa, har matarsa idan ya ƙure ta. Direban motar 'yan makaranta ne, gajere mai tumbi. Da wankin tayoyi ya fara a gareji, ya ja babbar mota har furfura ta fito masa, sannan bayansa ya ce ya gaji, ya dawo kwasar yara safe da rana. Sunan kuwa a shagon mai aski ya same shi.

A shagon akwai wata talabijin da sai an mare ta take kawo hoto, da wani tsohon fim na barkwanci da mai askin ya riƙe kamar gadon ubansa. Labarin wa da ƙane ne da suka ɗaure katifar kakarsu a saman wata akwalar mota za su kai mata gari mai nisa, suna tafe suna faɗa. Kowa faɗan yake yi wa dariya. Shi direba igiyar katifar yake kallo.

"Ga shi nan!" Sai ya zabura, aska na wuyansa. "Ɗazu igiyar shuɗiya ce, yanzu fara. A dajin suka sami kanti?"

"Zauna, kada in cire maka kunne," in ji mai aski.

"Cire, ina da wani. Dubi fitilar hagu da suka fasa. Ta warke! Wane asibiti suka kai ta?"

Haka yake bin fim ɗin da ƙwaƙƙwafi. Rigar ƙanen ta jiƙe sharkaf a rafi, yana juyowa ta bushe har da karin guga. Wata jar tanka ta wuce su, ta sake wuce su, direbanta ko hula bai sauya ba. Lemon da ke hannun wan yana raguwa yana ƙaruwa a kwalba. In aka tambaye shi yadda yake kamawa, sai ya gyara zama ya ce, "Abu ba ya tsalle da kansa. Duk inda ka ga kwalba ta yi tsalle, an yanke wani abu a tsakani an liƙe, ana fatan kai sakarai ne."

Abin ya fara ne a falonsa, wata safiyar hutu. Matarsa na tsaye bakin ƙofa da tsintsiya tana yi masa mitar famfon da ke yoyo, shi kuma ya ɗauki kofin shayi. Sai ga ta durƙushe a gabansa tana jijjiga masa gwiwa. Ba tsintsiya a hannunta. Shayin rabi a kofi, rabi a wandonsa.

"Baban yara, lafiya? Ina ta magana, ka ƙura wa bango ido kana motsa baki kamar mai tauna."

"Tunanin famfon naki nake. Zurfi gare shi."

Ta harare shi, ya yi dariya. Amma a banɗaki, yana wanke wandon, dariyar ta ɗauke masa. Bai ga tahowarta ba. Tana bakin ƙofa, tana gabansa, na tsakiyar ba a nuna masa ba.

Bayan kwana biyu ya sake faruwa a shagon aski. 'Yan fim na gidan mai suna gardamar wa ya manta murfin tanki, sai kawai ya gan su tsamo-tsamo cikin rafi.

"Kai, wa ya taɓa fim ɗin nan? Ina wurin da akuya ta shiga musu mota?"

Shagon ya kwashe da dariya. Wani ya ce yau mai kama ɓarawo ya yi gyangyaɗi. Mai aski kaɗai bai yi dariya ba. Ya sunkuyo kamar zai gyara masa ƙeya, ya ce a hankali, "Akuyar ta shiga ta fita, abokina, idonka biyu a kanta. Ka je a duba ka."

"Ka fara kai talabijin ɗinka, ta fi ni jin jiki."

Bakin ne kawai ya faɗa. Ya san in ya je asibiti aka rubuta wani abu, sitiyari ya haramta gare shi, kuma duk duniya sitiyari kaɗai ya iya. 'Ya'yansa mata duk suna karatu. Sai ya ɓoye abin, ya ƙirƙiro wa kansa dabara: yana tuƙi yana kiran abin da ya wuce da ƙarfi, don in hanya ta yi tsalle ya kama ta. "Kantin magani! Gidan mai! Mai faci! Gada!" Yaran suka ɗauka waƙa ce, suka haddace, suna amsawa da tafi. Iyaye har yabonsa suke, wai direban nan akwai son yara. Shi kuwa kullum yana sauke na ƙarshe rigarsa ta manne da bayansa don gumi.

Ranar da abin ya same shi a hanya, rana tsaka ce, an taso daga makaranta, mota cike. Ya ce, "Mai faci!" Yara suka amsa, "Mai faci!" Ya hango bakin gadar a gabansa, da wata mata mai lema tana shirin tsallaka titi.

Sai ya ji ƙarfe na kuka. Tayar dama na gurzar dakalin gefen titi, motar na tafiya a karkace, wani mai babur na dukan ƙofarsa yana zagi. Ya take birki. A madubi ya ga gadar, can baya. Bai san lokacin da suka hau ta ba.

Ya nemi matar mai lema a madubin hagu, ya nema a na dama. Bai gan ta ba. Ya ja birkin hannu. Ya sauko, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar. Ba kowa. Da ya ɗago ne ya hango lemar can tsallaken titi, tana tafiyarta.

A cikin mota ba mai tafi. Wata 'yar ƙarama a kujerar gaba, wadda goshinta ya bugi ƙarfe, ta ce cikin kuka, "Baba direba, mun ce gada, kai ba ka ce ba."

"Na ji ku, 'yata. Ku kuka ci."

Sauran hanyar ba ta da nisa, kuma injin lafiyarsa ƙalau. Yana iya komawa ya ƙarasa, ya ce taya ce ta zame, ba mai musa masa. Ya tsaya da hannu a kan ƙofa yana kallon kujerarsa, kujerar da ta ɗauki siffar jikinsa. Sai ya miƙa hannu ya zare makullin, ya kira shugabar makarantar.

Ta iso a motar haya da wani direban, ta bi yaran ɗaya bayan ɗaya tana duba kawunansu, sannan ta zo inda yake zaune a bakin dakali. Ya miƙa mata makullin, ya gaya mata komai, ba wasa ko ɗaya a ciki. Tun da ta san shi ba ta taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba dariya ba.

"Malam direba," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa, "sau nawa ke nan da yara a ciki?"

Ya buɗe baki zai ce yau ne farko, sai ya rufe. Ya kalli motar, ya kalli ƙananan fuskokin da ke manne da gilashi.

"Ranki ya daɗe, yau ne na kama," ya ce. "Waɗanda ban kama ba, ban san su ba."