Malam Sale ya tafi, ni kuwa ban taɓa wuce bagaruwa ba

Yau da safe ina goge gilashin motar maigidana waya ta shigo. Abokin ɗakin Malam Sale ne, daga Birnin Masana'antu na Biyu, can kudancin Riyadh. Ko gaisuwa bai tsaya yi ba. Ya ce, "Abu Hafsa, Malam Sale ya rasu."

Na ce, "Wane Salen?" Kamar ina da su goma.

Jiya da la'asar ya sauko daga motar ɗaga kaya a sitonsu, ya ce ƙirjinsa ya yi nauyi, ya zauna ya jingina da bango. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa.

Na Allah ne mu, kuma can za mu koma. Har yanzu tsumman gogewar yana aljihuna, ban san lokacin da na cusa shi ba.

Masu bibiyata a shafin nan sun san ba na rubuta abin kirki. Hoton tuwon da na ƙona, tsokanar Zagezagi, shi ke nan. Aji biyar na firamare na tsaya, kuma ranar da na bari malaminmu ya fi kowa murna. To ku yi haƙuri da rubutun yau. Na wanda bai iya ba ne, a kan wanda ya iya.

Ga wanda bai sani ba, muna da 'yar ƙungiya a nan Riyadh, 'Yan Tattaki muke kiran kanmu. Duk Juma'a bayan asuba mu fita yamma da gari, tafiyar kamar awa guda a mota, mu hau dutse mu sauko kafin a shiga masallaci. Shekara shida ke nan. Malam Sale ne ya gano hanyar. Tsohuwar turbar awaki ce a cikin wani kwari, ya bi ta shi kaɗai har ta fitar da shi sama.

Ni likita ne ya turo ni. Ya ce suga ya hau, in riƙa tafiya. Su kuma suka karɓe ni hannu biyu, amma gaskiyar magana motar da maigida ke bar min ranar Juma'a suka gani, ba ƙafafuna ba.

Ranar farko da takalmin zuwa biki na je. Kafin mu yi nisa ƙasan na dama ya buɗe baki kamar zai yi magana. Malam Sale ya dube ni, ya dubi takalmin, ya ce, "Bakano, ɗaurin auren wa za ka a saman dutse?" Ya cire nasa ya miƙo min, ya ɗaure nawa da igiya ya sa. Da shi ya hau, da shi ya sauko.

Mutumin ƙasar Lere ne, cikin duwatsu ya tashi. Ni ɗan Fagge ne, tudun da na sani kafin in zo ƙasar nan shi ne matakalar masallaci. Tun daga ranar ba mu taɓa kiran juna da suna ba. Ni Bakano, shi Bazazzagi, kowa na cewa ɗaya bawansa ne.

Mu yawo muke zuwa. Shi aiki yake zuwa.

Kullum da tsohon buhun shinkafa a kafaɗa, yana tsince robobin ruwa da gwangwanayen da mutane suka watsar. Da 'yar gajeriyar diga, inda tsakuwa ta zame ya sassaƙa wurin taka ƙafa. Amma babban aikinsa jeren duwatsu ne. Ya ce a garinsu in mafarauta suka shiga daji, na gaba in ya zo mararraba sai ya karya reshe ya gitta a bakin hanyar da ba a bi ba, don na baya kada su ɓata. Nan babu reshe, sai ya koma dutse. Duk inda turba ta rabu, zai ɗauko duwatsu biyar ko shida ya jera su a bakin wadda ba ta da kyau. In ka ga jere, an ce maka a'a ke nan. Ka nemi ɗayar.

Matsalar ita ce jeren ba ya daɗewa. Raƙumi ya wuce ya shure, awaki su watsa, in aka yi ruwa kuwa kwarin ya cika ya kwashe komai. Sai ya sake. Ban san ko sau nawa ya ɗaga duwatsun nan ba, ina jin wasunsu sun san hannunsa.

Injiniya Kabiru, ɗan bokon cikinmu, ya taɓa kawo gwangwanin jan fenti, ya ce a yi alama sau ɗaya a huta. Malam Sale ya ce, "Injiniya, dutsen nan bangon gidanku ne?" Injiniya ya ce to bari ya ɗauki hanyar a waya. Malam Sale ya ce, "Ɗauka. In ka zo sama ka tambaye ta inda za ka sa ƙafar hagu."

Yau na so a ce ya bar shi ya shafa fentin. Allah Ya gafarta min, amma na so.

A tsakiyar hanya akwai wata itaciya mai ƙaya, ba mu san sunanta na nan ba, muka sa mata bagaruwa. Daga nan hawa na gaske yake farawa. Daga nan kuma nawa yake ƙarewa. Tun Juma'ar farko na naɗa kaina mai gadin jakunkuna. Babu ɗan Adam a wurin sai ƙadangaru, amma na ce ɓarawo ba ya sanarwa. Su hau su bar ni da fulas ɗin shayi da dabinon kowa.

Yana min tsiya, amma shi ne ya haɗa min kujera da duwatsu a ƙarƙashin itaciyar, har da abin jingina. Ya ce, "Sarkin Gadi ba ya zama a ƙasa."

Kuma tunda yau ranar gaskiya ce: hotunan nan da nake sakawa, na tsaya hannu a ƙugu, sama kaɗai a bayana, kuna ta rubuta min "jarumi". A gindin bagaruwa aka ɗauke su. Malam Sale ke kwanciya rub da ciki a ƙasa ya ɗauko ni daga can, yana cewa, "Tsuke tumbin, Bakano, ya rufe rana." Yarana huɗu a Kano da hotunan suke alfahari. Hafsa ta gaya wa 'yan ajinsu babanta yana hawa duwatsun Saudiyya. Shi ya sani, bai taɓa tona ni ba.

Lokacin da mahaifiyata ta rasu ban samu izinin tafiya gida ba. Na rufe kaina a ɗakina a unguwar Shumaisi. Mutumin nan ya tashi daga aiki, ya ratso garin nan tun daga kudu, ya zo da kunun tsamiya a kula. Kwana uku yana zuwa. Bai yi min wa'azi ba. Ya zauna kawai, in na sha ya ƙara.

To ga abin da ya hana ni zama tun safe.

Can sama da bagaruwa akwai wani wuri da suke kira Maƙogwaro. Ban taɓa ganinsa ba, labarinsa nake ji. Turba ta rabu uku. Ɗaya mai faɗi ce, shararriya, ita ido yake so. In ka bi ta sai ta sha kwana ta fara gangara a kan tsakuwa mai santsi, ƙarshenta kuma babu komai sai iska. Ta gaskiyar siririya ce, tana ɓoye bayan wani dutse, ba ta ma yi kama da hanya ba. Jeren Malam Sale ne kaɗai ke raba mutum da waccan.

Da muna da yawa. Yanzu an watse. Injiniya an mayar da shi Dammam. Alhaji Umaru na ofishin jakadanci wa'adinsa ya cika ya koma Abuja. Wasu an buga musu huruj, fitar da ba dawowa. Haka zaman nan yake, kowa da jakarsa a bakin ƙofa. Amma wurin ya yi suna. Da sanyi ya shigo za ka ga nas-nas 'yan Filifin, 'yan Pakistan, Larabawa da iyalansu. Suna bin duwatsun nan ba su san wa ya jera ba. Wasu ma sun ɗauka hukuma ce.

Makon jiya aka yi ruwa.

Juma'ar da ta wuce mu huɗu ne kacal: ni, shi, da wasu baƙi biyu da suka tsaya ɗaukar hoto a ƙasa. Ruwa ya share kwarin tas. Ya yi ta jera na ƙasa har rana ta ɗaga, sannan ya haura shi kaɗai ya duba sama. Da ya dawo sai ya ce, "Matsa, Bakano." Ya zauna a kujerata. Shekara shida ban taɓa ganin ya zauna a wurin ba. Yana haki. Na ce tsufa ya kama Bazazzagi. Ni da bakina na faɗa, ina dariya.

Ya ce duwatsun sama duk sun tafi, ko dutse ɗaya bai rage a Maƙogwaro ba, kuma lokacin salla ya matso, sai wani makon. Ya sha shayi. Sannan ya ce, "Juma'a mai zuwa za ka bi ni."

Na ce, "Jakunkuna fa?"

"Sau ɗaya. Ba aiki za ka yi ba. Ka dai gani da idonka."

Na ce ai an raba aiki tun fil azal, Zagezagi ɗaukar dutse, Kanawa kula da kaya.

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Isiyaku." Sai da na waiga, don na manta ya san sunana. Ya ce, "Duk sun tafi, kai ne kake zuwa kullum. Abin nan a kaina kaɗai yake, kuma ba na son haka."

Na ce, "In sha Allahu."

Ya ce, "Wannan in sha Allahun na direba ne, na san shi." Ya miƙe ya saɓa buhunsa. A bakin masallaci muka rabu. Ko hannu ban tuna mun yi ba.

Tun safe nake buga waya. Injiniya ya ce layin hanyar da ya ɗauka yana nan a taswirar wayarsa, amma a Maƙogwaro turbobin sun matse da juna, layin ya hau kan duka ukun. Alhaji Umaru ya ce hagu, ya ce a'a dama, sannan ya ce, "Wallahi Abu Hafsa, dugadugan Sale nake kallo ina bi." Duk wanda na kira haka. Mun yi shekara shida muna bin bayan mutum, ba wanda ya kalli hanya. Su aƙalla sun bi. Ni dabino nake ci.

Na yi tunanin in daure in hau jibi in lalubo. Da wannan gwiwar, da wannan sugan, ko na kai ban san me zan gani ba. In kuma na jera duwatsun a bakin da ba shi ba, na tura bayin Allah rami da hannuna. Gara babu alama da alamar jahili.

Saboda haka jibi Juma'a, in Allah Ya kai mu, zan je in toshe hanyar daga bagaruwa. Iya nan na sani. Hanyar da mutumin nan ya buɗe da farcensa, ni ne zan rufe ta, ni da ya haɗa wa kujera.

Kuma ba na yaudarar kaina. Raƙumi zai shure. Wani matashi mai ƙarfi a jika zai tsallake. Ruwa zai sake zuwa. Ni ma ranar da maigida ya ce ya gaji da fuskata, iƙamata, takardar zamana, ta mutu, na bi sahun sauran. Nan da 'yan shekaru awaki za su karɓi abinsu, ba wanda zai san an taɓa yin wani Sale a kwarin nan.

Roƙona biyu ne.

Na farko: kada kowa ya wuce itaciyar nan. Wanda ya iya Larabci, wanda ya iya Turanci ko yaren 'yan Pakistan, don Allah ya rubuta wannan gargaɗin ya watsa inda masu hawa ke taruwa. Larabcina yamin ne da yasar da sida, dama da hagu da miƙe, kuma a wannan wurin ko su ban san wanne zan ce ba.

Na biyu addu'a. Ana jiran takardu daga kafil ɗinsa, wanda ya ɗauko shi aiki, da sa hannun 'yan'uwansa daga gida, nan za a binne shi. In an sa lokaci zan faɗa. Ya bar mata da 'ya'ya biyar, rabonsa da su shekara biyu.

Ya Allah, bawanka Sale ya ƙarar da ranakun hutunsa yana kawar da mutane daga bakin rami, mutanen da ba su san sunansa ba. Kai Ka san shi. Ka gafarta masa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka riƙe ƙafarsa ranar da za a tsallake Siraɗi. Ka tsaya wa iyalinsa. Ka kuma tsare duk wanda zai doshi dutsen nan jibi bai ga rubutun nan ba.

Wanda ya karanta har nan, kada ya danna min alamar kuka ya wuce. Ya buɗe baki ya ambaci sunansa, Sale, ya roƙa masa rahama. In addu'ar ta yi saura, ku sa ni a ƙarshe. Abu ɗaya ya taɓa roƙona a duniya, na mayar da shi wasa.