Gunvor, Likitar da Ta Yi Musayar Waina da Cikinmu

Kafin jirgin fito na farko ya yi ƙugi, Gunvor Heggdal ta riga ta jingine kekenta a jikin ɗakin shan magani na tsibirinmu, ko da ƙanƙara ake zubawa. Ba kofi take fara ɗorawa ba. Kwalbar man nan take ɗaukowa, wanda ake shafa wa mutum a ciki kafin a yi masa hoto, ta zura ta cikin wata tsohuwar safar ulu, ta ɗora a kan hita mai ɗumama ɗakin. "Wanda ya kawo mini ciwo," in ji ta, "ba zan ƙara masa da sanyi ba." Sai ta gama wannan take buɗe ƙofa.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Ita ta duba iyayenmu, ita ta yi mana allura muna tsala ihu, ita ke duba 'ya'yanmu. Ba ta taɓa fitowa a jarida ba, kuma in ta ga wannan rubutu na san za ta ce na ɓata takarda.

A da, duk wanda ke bukatar hoton ciki sai ya bi jirgin fito zuwa babban asibiti, ya kashe yini guda tsakanin zuwa da dawowa. In teku ta tashi kuwa, sai haƙuri. Gunvor ta doshi shekara sittin lokacin da ta shiga kwale-kwalen Oddvar, wani masunci mai tumbi da baki, don ta cire masa ƙugiya daga yatsa. Tana ɗaure yatsan idonta na kan allon na'urarsa ta neman kifi.

"Wannan duhun fa mene ne?"

"Kifi ne. Wancan dutse. Sauti take aikawa ƙasa, ya dawo ya ba ta labari."

"Wato kai kana ganin gindin teku, ni kuma ina latsa cikin mutane ina canka kamar mai sayen kankana."

"To ai ni na fi ki ci gaba, likita," in ji Oddvar.

Maganar ta zauna mata. Da bazara ta shiga kwas ɗin hoton ciki da ake yi wa likitocin iyali, ta zauna aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yanta. Ta dawo da 'yar na'ura wadda ba ta fi faranti ba, da kuma wata magana da malaminsu ya gaya musu: ido ba ya gane ciki mai ciwo sai ya ƙoshi da ganin mai lafiya.

To ina za ta samo masu lafiya? Mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai an ɗauko su. Sai ta fito da kaskonta na waina. Kowace Alhamis da hantsi, duk wanda ya zo bai karya ba, ya kwanta ta leƙa cikinsa, in ya tashi ga waina mai zafi da cuku da kofi. Hoto tukuna, waina daga baya, domin matsarmama ba ta fitowa sosai a cikin da ya ƙoshi.

Oddvar ne ya fara zuwa. Ta yi ta yawo da kan na'urar a tumbinsa.

"Kin ga kifi?"

"Har yanzu ban wuce kitse ba. Da ka zo mini da taka na'urar, ta fi nisan zango."

"Ki bi a hankali, dukiyar shekaru ce."

Kafin hunturu ta ga hantar fasto, ta ga ƙodar direban bas, ta ga saifar duk matan ƙungiyar saƙa. Ranar awon jarirai ma ba ta bari: in an sauke yaro daga sikeli, sai ta roƙi uwar ta ba ta aron cikinsa kaɗan. Wasu sun yi gunaguni, wai tsohuwa ta sami abin wasa. Ba ta kula ba. Kuma ba ta taɓa ɗaukar kanta gwana ba. Hoton da ya shige mata duhu, tura shi take yi wa ƙwararrun babban asibiti. "Abin da ban gani ba," takan ce, "ba na cewa babu shi."

Ranar da zan ba da labarinta, wata safiya ce a Janairu. Iska ta hana jirgin fito tashi. A makon nan amai ya zagaye yaran tsibiri kaf, don haka da ɗana Eilif, ɗan wata tara, ya fara amai, kowa ya ce nasa rabon ne ya iso. Sai dai kukansa daban ne. Zai ƙanƙame ƙafafu a ciki ya ƙwalla, can ya yi lakwas kamar ba shi ba, can ya sake. Surukata ta ce in ba shi ruwa in jira gobe. Na naɗe shi a bargo na fita.

Muna shiga wurin Gunvor yaron ya yi shiru, har yana wasa da igiyar tabaranta. Kunya ta kama ni.

"Kin ga ya mai da ni maƙaryaciya."

"Haka suke yi, 'yan siyasa ne. Kwantar mini da shi."

Ta latsa cikin da hannu, laushi. Da wani likitan ne, da ya tsaya nan. Ita sai ta miƙa hannu ta zaro kwalbar daga safa. Da yake man da ɗumi, Eilif ko motsi bai yi ba, ta samu ta bi cikin a tsanake. A gefen dama hannunta ya tsaya. Ta juyo da allon wajena.

"Me kika gani?"

"Kamar an yanka albasa. Zobe cikin zobe."

"To babu albasa a cikin yaro mai lafiya. Na ga cikin jariran garin nan duka, har da nasa a lokacin kaka, babu wannan. Hanjinsa ne ya shige cikin ɗan'uwansa, kamar in kin tura bakin safa cikinta. Ana gyarawa, amma ba abin jiran gobe ba ne."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta buga waya babban asibiti, ta ce a zo a ɗauki yaron. Likitan can ya tambaya ko ba amai ɗin da ke yawo ba ne, kuma da gaskiyarsa: ba a tayar da jirgi mai saukar ungulu cikin irin wannan iska don yaron da ke wasa da tabarau. Gunvor ta ce, "Duba abin da na turo maka." Yana ganin hoton ya amince. Da iska ta ɗan lafa wajen azahar, jirgin ya sauka a filin ƙwallon makaranta. Oddvar da 'yan'uwansa masunta ne suka share ƙanƙarar filin da shebur.

Ko yanka shi ba a yi ba. A babban asibiti iska aka hura masa ta dubura, hanjin ya warware. Likitan da ya yi aikin ya ce da mun kwana, da sai an yanke wani sashe. Yau Eilif na da shekara uku, kuma babu abin da cikinsa ba ya ɗauka, har yashin bakin teku.

Gunvor, ke ce kika koma ɗaliba a shekarun da wasu ke neman kujerar hutawa. Ke ce kika bari aka yi miki dariya Alhamis bayan Alhamis, don ranar da ba ta dariya ba ta same ki a shirye. Mai safa, mai kasko, mun gode. Ni dai ba ni da abin biyanki. Ga yaro nan yana gudu, ki riƙa kallo.

Ga sauran likitocin iyali da ke garuruwan da ruwa ko dutse ya raba da babban asibiti: in tsohuwarmu ta iya, ba ku da hanzari. Ku je ku koya, ku kuma koyi cewa "ban gani ba" in ba ku gani ba.

Mu ma mutanen tsibiri akwai namu aikin. Wadda za ta gaje ta, Tuva Brekke, ta iso, ta yi kwas ɗin, amma idonta bai ƙoshi da cikinmu ba tukuna. Gunvor ta miƙa mata na'urar da safar, ta ce kaskon kuma ita za ta riƙe, don ta ɗanɗana wainar Tuva ta ga ba za ta jawo ko kare ba. Saboda haka Alhamis ɗin nan da hantsi a zo, kada kowa ya karya. Oddvar ya riga ya ce shi ne na farko. Ni da Eilif muna bayansa.