Minti Ashirin na Lai'atu

Lai'atu Badung 'yar Anguwan Rukuba ce, shekarunta arba'in da shida, kuma kowa Maman Siman yake kiranta. Tun da mahaifiyarta ta samu shanyewar ɓarin jiki ta daina neman aikin yini. Ƙanwarta ke kula da tsohuwar da safe, ita kuma ta karɓa da rana. Shi ya sa ta kama aikin rabin yini a wani gidan biredi a Tudun Wada, tana zuba biredi a leda daga ƙarfe bakwai zuwa ɗaya.

Ma'aikatan gidan iri biyu ne. Masu aikin yini, da sha ɗaya ta yi sai su shige ɗakin baya su ci abinci, su miƙe ƙafa na awa guda. 'Yan rabin yini kuwa, mata huɗu, ba a yanka musu hutu ba. A ganin manaja, Oga Romanus, mai tashi ƙarfe ɗaya ya huta a gidansa.

Bara likita ya gaya wa Lai'atu tana da ciwon sukari. Ya ba ta magani, ya ja mata kunne kada ta yi wasa da lokacin cin abinci. Ba ta faɗa wa kowa a wurin aiki ba, don ta san kullum akwai mata a bakin ƙofa suna neman gurbi. Jummare ce kaɗai ta gane, wata mai aikin yini daga unguwar Ali Kazaure, da ta ga hannunta na rawa. Daga nan sai ta riƙa yanke nata hutun tana dawowa da wuri.

"Yaya, je ki bayan gida, zan riƙe miki," in ji ta. A can bayan tankin ruwa Lai'atu ke tura abinci a tsaye.

Wata Laraba Jummare ba ta zo ba. Wajen sha biyu gumi ya karyo wa Lai'atu, idonta ya yi duhu, ta sulale ƙasa, faranti guda na biredi ya biyo ta. Oga Romanus da kansa ya buɗe mata kwalbar lemo. Da ta dawo hayyacinta ya ce ta tafi gida, gobe ta same shi a ofis.

Washegari ta wanke rigar aikinta ta ninke, ta taho da ita a jaka don ta mayar.

"Maman Siman, tun yaushe?" ya tambaye ta.

"Tun bara, Oga."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Oga, 'yar rabin yini ina ta ga bakin magana?"

Ya juya biro a hannunsa. Can ya ce yayarsa ma da ciwon take fama, ya san yadda yake kayar da mutum. Ya ce shi bai taɓa tsayawa ya lura awa shida suke yi a tsaye ba.

"Daga yau, ƙarfe goma ku fita biyu-biyu, minti ashirin. Je ki sa rigarki."

Ta fito, ta zaro rigar daga jaka ta saka.

Minti ashirin bai kai awa ba, kuma har yanzu in 'yar rabin yini ta kwanta ciwo babu hutun jinya. Wasu masu aikin yini ma sun yi gunaguni, tunda su ke riƙe musu teburin zuba biredi. Jummare ta ce musu a bar maganar, ba wanda hannunsa zai karye.

Ranar farko Lai'atu ta cinye gwatenta cikin minti shida, saboda sabo da sauri. Ta duba agogon bango, ta rasa yadda za ta yi da sauran lokacin. Sai ta fita tsakar gida, ta cire takalma, ta zauna a rana.