Inna Mai Tire da Tukunyar da Aka Rufa wa Bargo

Kafin maigadi ya buɗe wa yara ƙofar makaranta, Inna Mai Tire ta riga ta ɗaure kai, ta wanke hannu har gwiwa, ta jera tirenta a kan teburin kicin. Daga nan sunan ya fito. Duk shinkafar da ta rage bayan yara sun ci, ba ta barinta a tukunya. Sai ta kwashe, ta baza ta a kan tire, ta kunna fanka, da ta huce ta tura firji tun awa guda ba ta cika ba. Abokan aikinta sun sha yi mata dariya, wai tana shanya shinkafa kamar wanki. A wannan makon take ajiye ludayi, bayan ta ciyar da yaran da yau wasunsu ke kawo nasu 'ya'yan.

Tun tana sabuwar ɗauka wata ma'aikaciyar lafiya ta zo ta yi wa masu girki bayani. Kowa ya gyaɗa kai ya manta, ita ta riƙe. Akwai ƙwayar cuta a jikin ɗanyen hatsi da tafasa ba ta kashewa, lafewa kawai take yi. Idan dafaffen ya zauna da ɗumi-ɗumi, sai ta farka, ta hayayyafa, ta zuba guba. Gubar ba ta wari, ba ta ɗanɗano, ɗumame kuma bai dame ta ba. Mu kuwa an raine mu a kan cewa hanci ne alƙali, wuta ce magani. In yaro ya kwana yana amai, sai a ce sanyi ne, ko ruwa ya sha. Wa ya taɓa tuhumar tukunya?

Ranar da maigadi har gobe yake ba da labarinta, an yi taron iyayen yara ne, aka dafa shinkafa ta wuce hankali. Inna ba ta nan da yamma, ta kai mijinta asibiti. Yayarta, wadda ta samo mata aikin kuma ita ce babbar kicin, ta ga firji ya cika. Don tausayi sai ta rufe ƙatuwar tukunyar, ta lulluɓe ta da bargonta kada ta huce, ta kulle sito.

Da safe Inna ta yaye bargon, ta nutsa ludayi har tsakiya, ta taɓa da bayan hannu. Ɗumi-ɗumi, kamar jikin jariri.

"Yaya, tun yaushe take nan?"

"Tun jiya mana. Kin ga dabara? Ko hucewa ba ta yi ba. Kunna wuta mu ɗumama."

"Ba za a ba yara wannan ba."

"Ke, shaƙa ki ji! Ko hancinki ma ya tafi asibitin?"

Buhun shinkafa ya ƙare, motar kayan abinci ba ta iso ba, lokacin tara kuma yana matsowa. Cikin yaran nan akwai waɗanda abincin makaranta ne karin kumallonsu, Inna ta san su fuska da fuska. Hayaniya ta jawo hedimasta. Mutum ne mai kirki, ya saurari kowa, ya ɗebi cokali ya ɗanɗana.

"Inna, ni dai ban ji komai ba. Ƙalau take."

"Ranka ya daɗe, da ana ji a baki da ban tsaya gardama ba."

"To me za su ci? In ce musu su koma aji da yunwa, ga abinci a gabanmu?"

"Akwai wake, akwai taliya a sito. A ba ni lokaci."

Yaya ta riƙe ƙugu. "Ni na goya ki, yau ke za ki koya mini girki? Abincin Allah za ki zubar? In yara ba za su ci ba, a zuba mini a roba in kai wa jikokina."

Wannan maganar ce ta yanke shawara. Inna ta ga idan ta juya baya, shinkafar za ta bi robobi ta shiga gidaje. Aka kaɗa ƙararrawa. Ta taga ana hango 'yan aji ɗaya sun fara layi, kowa da kwanonsa. Yaya ta kai hannu ga ashana. Inna ta sunkuya, ta ɗauki bokitin ruwan wanke-wanke, da kumfarsa da komai, ta juye cikin tukunyar.

Ta ajiye bokitin ta ce, "Yanzu sai a kore ni. Amma a bari in ɗora wake tukuna."

Yara sun ci a makare ranar, wasu har da kuka. Hedimasta ya yi mata faɗa a ofis, bai dai kore ta ba. Cokalin da ya ɗanɗana bai yi masa komai ba, mutane kuma suka riƙa yi mata gori da hakan. Yaya ta yi watanni ba ta amsa gaisuwarta sai da hanci. Ko akwai guba a tukunyar? Babu wanda ya sani, babu kuma wanda zai sani, domin hanyar ganewa ɗaya ce, ita ce a ba yara su ci a gani.

Inna, ke ce kika ƙi yin gwajin. Ke ce kika yarda a kira ki mai ɓarna, mai taurin kai, marar kunyar yaya, don kada a kwashi ɗan wani zuwa asibiti. Irin aikinki ba ya barin shaida: yaro ya ci, ya yi wasa, ya koma gida, uwarsa ba ta san akwai wadda za ta gode wa ba. To mun gode, uwar kicin. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya ƙara wa maigidanki lafiya. Masu girki na makarantu da na gidaje, a baza, a huce da wuri, a sa a sanyi. In kuma ta kwana a waje, a daure a zubar.

Jiya aka yi wa Inna liyafar sallama, shinkafa ta rage. Wata sabuwar mai girki ta ɗauko murfi za ta rufe tukunya. Daga kan kujera Yaya, wadda yanzu sai da sanda, ta daka mata tsawa: "Ke, ajiye murfin nan! Ina tire?"

Inna ta juyo tana kallonta. Yaya ta kau da kai.

"Kar ki kalle ni. Bargona nake tausayi."